IL ko XLIX? Muhawara a kan lambobin Romawa

Uwar Ɗalibi, Garin Malam:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga malamanmu. Yarona yana aji CM2, an ba su aikin gida su mayar da lambobi zuwa na Romawa. Ya rubuta 49 da IL, malaminsu ya soke da jan biro ya sa XLIX. Yaron ya ce ai an koya musu cewa ƙaramin harafi in ya gabaci babba cire shi ake yi. L hamsin ne, I ɗaya ne, hamsin a cire ɗaya ba arba'in da tara ba ne? Ni ma na duba na ga lissafinsa ya fita. To ina laifin yake?

Mushe Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yaronki yana da kai, rabin ƙa'ida kawai aka ba shi. Bari mu fara daga tushe. Haruffa bakwai ne duka: I ɗaya, V biyar, X goma, L hamsin, C ɗari, D ɗari biyar, M dubu. Ana jera su daga babba zuwa ƙarami ana tarawa, shi ya sa XVII ya zama 17, LXII ya zama 62. Ba a jera harafi ɗaya fiye da sau uku, kuma V da L da D ba a maimaita su sam, don VV ai X ne.

Batun cirewa kuwa, ba kowane harafi ake sa wa a gaban kowane ba. Wuri shida ne kaɗai: IV huɗu, IX tara, XL arba'in, XC casa'in, CD ɗari huɗu, CM ɗari tara. Ki lura, I ba ya shiga gaban kowa sai V da X. X ba ya shiga gaban kowa sai L da C. C kuma sai D da M. IL ba ya cikin shidan nan.

Abin da nake gaya wa yara lokacin da nake riƙe da alli shi ne kada su kalli lambar a dunƙule. Su farfasa ta tukuna. 49 ita ce 40 da 9. Arba'in XL, tara IX, a haɗa su a samu XLIX. Yaron da ya saba da wannan farfasawa ba zai taɓa rubuta IL ba, ba zai rubuta IC a madadin 99 ba, zai ce casa'in XC, tara IX, ya rubuta XCIX.

Uwar Ɗalibi, Garin Malam:
Na gode Mushe, Allah ya ƙara lafiya. Yanzu na ga inda aka tsallake. Zan zaunar da shi bayan magariba.

Ɗan Kasuwa, Zango:
Ku gafarce ni Baba Mushe, ni fa ban ga amfanin wahalar da yara da wannan abu ba. Tun safe har dare ina cikin lissafi a shago, ban taɓa rubuta wa kowa rasit da X ko L ba. Yaran da ba su gama iya rabawa ba, wasu ma sau bakwai-bakwai yana ba su wuya, a ce kuma a ɗora musu lambobin mutanen da daularsu ta rushe tun tuni? A bar su su iya wanda za su ci abinci da shi.

Ɗalibar Tarihi, Jami'ar André Salifou:
Alhaji, da girmamawa, a wace gunduma shagonku yake? Birnin Damagaram gunduma biyar ne, kuma a takardun hukuma Zinder I, II, III, IV, V ake rubuta su. Wanda ya je neman takardar haihuwa ya kasa bambanta IV da VI, ai ya ga amfaninsu a ranar. Mu kuma a fannin tarihi ba ma buɗe littafin Faransanci ba mu ci karo da su ba. Ƙarni duka da su ake rubutawa. Sarkin Damagaram Tanimun ya yi mulki a ƙarni na XIX, Turawan Faransa sun ci Damagaram a 1899, shekarar ƙarshe-ƙarshen wannan ƙarnin. Jamhuriyoyin Nijar haka ake ƙirga su, ta V a 1999, ta VI a 2009, ta VII da tsarin mulkin 2010. Sarkin Maroko Mohammed VI ne, mahaifinsa Hassan II. Na taɓa jin ɗalibi a gaban aji ya karanta XIV ɗin sunan Sarkin Faransa Louis XIV harafi-harafi kamar sunan mutum ne, bai san na goma sha huɗu ake nufi ba. Abin ya ba ni tausayi, don ba laifinsa ba ne, an wuce da shi ne bai riƙe ba.

Ɗan Kasuwa, Zango:
Ƙanwata, na ji. Amma abin da kika lissafa duka bai wuce ashirin da ɗaya ba. To a koya musu daga I zuwa XXI a tsaya. Me ya kai mu ga D da M?

Mushe Mai Ritaya:
Alhaji, wanda ya haddace I zuwa XXI hadda ya yi, bai gane komai ba, kuma hadda irin wannan ba ta kai damina biyu. Wanda ya gane tsarin, awa ɗaya ta ishe shi ya rubuta kowace lamba har 3999. Kuma riba ta biyu tana nan wadda ba a cika faɗa ba. Yaron da ka tilasta wa ya farfasa 1926 zuwa 1000 da 900 da 20 da 6 kafin ya rubuta MCMXXVI, ka koya masa gurbin dubu da na ɗari da na goma ba tare da ya sani ba. Wannan gurbin kuwa shi ne abin da ke kayar da yara a rabawar da kake magana. 1926 ɗin nan ma ba a banza na ɗauko ta ba, ita ce shekarar da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder aka mai da shi Yamai.

Ga wata dabara da ke taimakon yara su riƙe ɗari tara. Sunan ajinsu ne, CM. Ba daga Romawa sunan ajin ya fito ba, gajarta kalmomin Faransanci ce, amma idan yaro ya tuna CM ɗari tara ne, kusan duk shekarun ƙarni na ashirin sun zo masa da sauƙi, tunda daga 1900 zuwa 1999 duka da MCM suke farawa. Shekarar 'yancin kai, 1960, MCMLX ce. Ranar Jamhuriya ta 1958, MCMLVIII.

Mai Gyaran Agogo, Kasuwar Dole:
Salamu alaikum. Baba Mushe, kun ce ba a jera harafi sau huɗu. To ga agogon bango a gabana yanzu haka na buɗe shi, a wurin ƙarfe huɗu IIII aka rubuta, ba IV ba. Kuma ba shi kaɗai ba, yawancin masu lambar Romawa da ke shigowa hannuna haka suke, na hannu da na bango, masu tsada da masu araha. Wani mutum ya taɓa dawo mini da agogo ya ce jabu ne saboda wannan IIII ɗin. Na ɗauko masa wasu na nuna masa, da ƙyar ya yarda. To su masu ƙera agogo ba su san ƙa'idar ba ne?

Ɗalibar Tarihi, Jami'ar André Salifou:
Yaya, sun sani. IIII ya girmi ƙa'idar da ake koyarwa a aji. Romawan da kansu ba su tsaya a kan hanya ɗaya ba. A babban filin wasan nan na birnin Rum, Kolosiyo, wanda aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, ƙofofinsa suna da lambobi a sassaƙe a dutse, kuma huɗu da IIII suka rubuta ta, ƙofa ta 54 ma LIIII ce. A wasu duwatsun akwai XIIX a madadin 18. Daga baya ne aka daidaita rubutun ya tsaya a yadda Baba Mushe ya bayyana. Masu agogo suka riƙe tsohuwar al'adarsu. Amma ba duka ba, babban agogon majalisar Ingila da ke Landan IV ne a fuskarsa.

Mai Gyaran Agogo, Kasuwar Dole:
Madalla. Ni a idona ma IIII ya fi zama daidai a fuskar agogo. Ki duba, VIII yana gefen hagu a ƙasa, mai kauri, harafi huɗu. Idan aka sa IV a gefen dama sai fuskar ta karkata, idan aka sa IIII sai su yi kai ɗaya. Sannan fuskar tana rabuwa uku cif: awa huɗu na farko I ne zalla, huɗu na tsakiya suna da V, huɗu na ƙarshe suna da X. Akwai kuma wani abu. Lambobin ƙasan agogo a kife ake buga su, ƙafarsu na kallon tsakiya, to IV a kife da VI a kife suna rikita ido. In aka sa IIII rikicin ya ƙare.

Mushe Mai Ritaya:
Gaskiyarka. Sai dai iyaye su ja kunnen yara, a takardar jarrabawa IV ake so.

Malamin Zaure, Birni:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na bi maganganunku tun daga farko. Ina so in tuna muku cewa ƙirga da haruffa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, muna da shi tun kafin zuwan boko. Hisabin abajada ke nan. Alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, haka har ya goma, kaf ashirin, lam talatin, mim arba'in, nun hamsin. Malamanmu na da idan sun gama waƙa ko littafi, a ƙarshe sukan sa ramzi, wato kalma wadda in ka tara ƙimar haruffanta za ta ba ka shekarar hijira da aka yi aikin.

Ga misali. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1232 bayan hijira, wato 1817. A lissafin da muka gada, irin na Magrib, shin dubu ne, ra ɗari biyu, lam talatin, ba biyu. Ka jera shin, ra, lam, ba, ka sami 1232. Mutanen gabas kuma a wurinsu shin ɗari uku ne, gain ne dubu. Wanda ya karanta ramzin malaman ƙasar Hausa da lissafin gabas zai ɓata shekara da ɗaruruwa.

Bambancinsa da na Romawa shi ne abajada tarawa ce zalla, babu cirewa. Ko ka sauya wa haruffan wuri jimla ba ta canzawa, shi ya sa mai waƙa ke iya juya su har su ba shi kalma mai daɗin faɗa da ta dace da amsa-amo. Na Romawa kuwa ka sauya wuri ka sauya lamba, XI goma sha ɗaya, IX tara. Abin da ke damuna shi ne yaranmu suna koyon na Rum a lakwal, nasu na gida kuma ko sunansa ba su ji ba.

Ɗalibar Tarihi, Jami'ar André Salifou:
Allah gafarta Malam, wannan magana taku ta shafe mu kai tsaye. Takardun ajami da ke hannun iyalai a Birni, wanda bai iya ramzi ba ba zai iya sa musu shekara ba. Da za a riƙa koyar da su biyun tare da an yi mana gata.

Ɗan Kasuwa, Zango:
Allah gafarta Malam, na abajada na yarda da shi, namu ne. Amma har yanzu ina nan a kan bakana game da na Romawa. Wani ya tara mini XLIX da XXIII in gani, ba tare da ya mayar da su lambobinmu a zuci ba.

Mushe Mai Ritaya:
Ana yi, Alhaji. Ka fara warware cirewar, XLIX ya koma XXXXVIIII. Ka zuba haruffan duka wuri ɗaya: X guda shida, V guda ɗaya, I guda bakwai. I biyar su zama V, saura II. V biyu su zama X. Yanzu X bakwai ke nan, biyar su zama L, saura XX. Amsa LXXII, wato 72. Kai da kake canjin kuɗi kullum ka fi kowa sanin wannan aiki, ƙananan tsaba ne ake tarawa a mayar da su babba.

Amma a sau da rabawa na ba ka gaskiya, wahala ce tsantsa. Romawan ma ba a rubuce suke yin su ba, allo gare su mai layuka suna tura ƙananan duwatsu, in sun gama su rubuta amsa da haruffa. Babbar matsalar ita ce ba su da sifili, kuma harafi ba ya samun ƙima daga gurbinsa. A namu 2 na iya zama biyu ko ashirin ko dubu biyu gwargwadon inda ta zauna. A nasu X goma ne ko ina ya je. Dubi 1888, lamba huɗu a wurinmu, su sai sun rubuta MDCCCLXXXVIII, harafi goma sha uku. Dubi 2005, MMV kawai, babu abin da ke nuna gurbin ɗari da na goma fanko ne. Don haka ba wanda ya ce a yi ciniki da su. Karanta su da rubuta su ake so yaro ya iya.

Ɗalibar Tarihi, Jami'ar André Salifou:
Kuma Alhaji, 'yan kasuwa irinku ne suka kori lambobin Romawa daga kasuwa. Lambobin da muke amfani da su daga Indiya suka taso, Al-Khawarizmi ya yi littafi a kansu a Bagadaza a ƙarni na IX. Wani ɗan Italiya, Fibonacci, ya koye su a garin Bijaya da ke Aljeriya ta yanzu, inda mahaifinsa ke aiki da fatake, ya rubuta littafinsa a 1202 yana nuna wa 'yan kasuwar ƙasarsu yadda ake lissafin riba da canji da su. Duk da haka ba nan take aka karɓa ba. A 1299 ƙungiyar masu canjin kuɗi ta birnin Fulorans ta hana mambobinta rubuta littafin ciniki da sababbin lambobin. Sai da aka ɗauki ƙarnuka kafin su zauna a Turai.

Ɗan Kasuwa, Zango:
To kin gani, sun gane abin da na gane. Amma bari in faɗi wani abu da ya faɗo mini yanzu da nake karanta bayanin Baba Mushe. Wannan cirewar ai muna yin ta a baki. Tsofaffinmu ba su cika cewa goma sha tara ba, ashirin ba ɗaya suke cewa. A kasuwa kuma kullum muna cewa dala ɗari ba biyar. To XIX ba ita ce goma da goma ba ɗaya ba? Da haka aka bayyana wa yara da Hausa, ina ganin da ba su sha wuya ba.

Mushe Mai Ritaya:
Alhaji, ka zo inda nake so. IX goma ba ɗaya, XL hamsin ba goma, XC ɗari ba goma, CM dubu ba ɗari. Yaron Damagaram da aka aika sayen kayan miya ya riga ya san wannan, ya ma san wanda ya fi shi wuya, tunda in an ce masa dala ashirin ya san 100 ne a rubuce a jikin kuɗin, in an ce jika ya san 1000 ne. Kullum yana canja lamba daga wani tsari zuwa wani a kansa. Amma da ya shiga aji sai a rufe wannan ƙofa, a ba shi ƙa'ida da Faransanci ya haddace. Ni a ganina nan ne ɓarnar take, ba a lambobin ba. Wuri ɗaya kawai za a ja masa kunne: Hausa tana cewa ashirin ba biyu, amma a rubutun Romawa na yanzu harafi ɗaya tak ake cirewa, don haka 18 XVIII ce.

Ɗalibar Tarihi, Jami'ar André Salifou:
Romawan ma a bakinsu 18 ashirin ba biyu suke ce mata, 19 kuma ashirin ba ɗaya, daidai da tsofaffinmu. Sannan wannan gardama ta Alhaji ana yin ta har a Faransa. A 2021 an yi ta cece-kuce a jaridu saboda gidan tarihi na Carnavalet da ke Paris ya rubuta wasu allunan bayani da lambobin yau da kullum don sauƙaƙa wa baƙi.

Ma'aikaciyar Jinya:
Sannunku da muhawara. Ni gargaɗi na zo da shi, don abin ya shafi lafiya. Ba duk inda kuka ga waɗannan haruffa ne lamba ba. A takardar magani idan likita ya rubuta IV kusa da sunan allura, ba huɗu yake nufi ba, yana nufin a yi ta a jijiya. IM kuma a tsoka. Na taɓa ganin mai jinya ya karanta IV ya je ya sayo kwalba huɗu, kuɗinsa suka tafi a banza, kuma da a gida za a yi allurar da abin ya fi haka muni. Haka bitamin C da bitamin D, ba ɗari da ɗari biyar ba ne. Don Allah abin da ba ku gane ba a takardar likita ku tambaya kafin ku saya.

Uwar Ɗalibi, Garin Malam:
Allah ya saka da alheri 'yar'uwa, wannan kam ya kamata kowa ya ji. Mushe, rubutawa na gane. Karantawa fa? In na ga doguwa kamar MCMLXXIV idona rikicewa yake yi.

Mushe Mai Ritaya:
Hajiya, ki fara neman wurin da ƙarami ya gabaci babba ki kewaye shi da fensir. A nan wuri biyu ne, CM da IV. Sauran ki bar su yadda suke. Sai ki karanta gutsure-gutsure: M dubu, CM ɗari tara, LXX saba'in, IV huɗu. 1974 ke nan, shekarar da Seyni Kountché ya hau mulki. Gwada CDXLIV: CD ɗari huɗu, XL arba'in, IV huɗu, 444. Wadda ta fi kayar da ɗalibai ita ce 1999, suna son su gajarta su rubuta MIM, alhali MCMXCIX ce. Kuma a ƙarni a kula, shekarun 1800 da wani abu ƙarni na XIX ne ba XVIII ba, don ƙarni na farko daga shekara ta 1 ya fara zuwa ta 100.

Mai Shagon Kwamfuta, Sabon Gari:
Ga masu son duba amsarsu, a Excel na Faransanci ku rubuta =ROMAIN(1974) zai fito muku da MCMLXXIV. Amma in kun ba shi 4000 zai ƙi, a 3999 yake tsayawa. Baba Mushe, me ya sa? Romawa ba su da abin da ya wuce haka ne?

Mushe Mai Ritaya:
Suna da shi ɗana, sojojinsu kaɗai sun wuce haka nesa. Ƙa'idar sau uku ce ta tsayar da shi. MMM dubu uku ne, kuma cikin haruffa bakwan nan babu na dubu biyar da za a sa M a gabansa a ce dubu huɗu, don haka babbar lambar da za a iya rubutawa ita ce MMMCMXCIX. Idan ana son a wuce nan sai a ja layi a saman haruffan, layin yana nufin a ninka sau dubu. IV da layi a kansa dubu huɗu ne, X da layi dubu goma, C da layi dubu ɗari. Wanda zai rubuta 12500 sai ya rubuta XII ya ja masa layi a sama, ya bi shi da D ba layi.